Haƙar kuɗin intanet: yadda ake yi da abin da ake samu

Kalmar haƙar kuɗin intanet, ko kirifto kamar yadda aka fi sani, ta shiga bakin matasa da dama a 'yan shekarun nan, inda wasu ke ganin hanya ce ta samun kuɗi daga cikin ɗaki ba tare da wani jari mai yawa ba.

To sai dai abin da ake kira haƙa ba tonon ƙasa ba ne, kuma lissafin riba da asara a cikinsa ya sauya ƙwarai tun daga lokacin da aka soma shi.

Mene ne haƙar?

A watan Oktoban 2008 ne wani mutum, ko wasu mutane, da ke amfani da sunan Satoshi Nakamoto suka wallafa tsarin kuɗin Bitcoin, aka kuma soma aiki da shi ranar 3 ga watan Janairun 2009.

Tsarin ba shi da babban banki. A maimakon haka, akwai wani kundi na bai ɗaya da dubban kwamfutoci a sassan duniya ke riƙe da kwafinsa, wanda a cikinsa ake rubuta duk wani kuɗi da ya tashi daga hannun wani zuwa na wani.

Kusan kowane minti 10 ake ƙara sabon shafi a kundin. Masu haƙa su ne ke gasar samun damar rubuta wannan shafi.

Gasar kuwa ta canki-canka ce. Na'urar kowane mai haƙa tana ta gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ta hanyar wani lissafi da ake kira SHA-256, har sai wata ta dace da lambar da ta cika sharaɗin da tsarin ya gindaya.

Wanda ya riga dacewa shi ke rubuta shafin, ya karɓi ladan sababbin Bitcoin, tare da kuɗin aikawa da masu mu'amala suka biya.

Wannan wahala da kuma wutar da ake ƙonawa su ne ke kare kundin daga maguɗi, domin duk mai son sauya abin da aka rubuta sai ya mallaki ƙarfin na'urori da ya zarce na sauran masu haƙa baki ɗaya.

Lada na raguwa, gasa na tsananta

A farko ladan kowane shafi Bitcoin 50 ne. An tsara cewa bayan kowane shafi 210,000, wato kimanin shekara huɗu, za a raba ladan biyu.

Ya koma 25 a 2012, sai 12.5 a 2016, sai 6.25 a 2020, sannan 3.125 a watan Afrilun 2024. Adadin da za a taɓa samarwa ba zai wuce miliyan 21 ba, kuma tuni aka haƙo sama da miliyan 19.

Haka kuma, bayan kowane shafi 2,016, kimanin mako biyu ke nan, tsarin kan duba yawan ƙarfin na'urorin da ke gasar. Idan sun ƙaru sai ya ƙara wa lissafin wuya. Ma'ana, yawan masu haƙa ba ya ƙara yawan abin da ake rabawa, sai dai ya rage kason kowa.

A 2009 kwamfutar gida ta isa. Daga 2010 aka koma amfani da katunan sarrafa hoto na masu wasannin kwamfuta. Zuwa 2013 kuma aka fito da na'urorin ASIC, waɗanda ba su da wani aiki sai haƙa, kuma kamfanin Bitmain na ƙasar Sin na cikin manyan masu ƙera su.

Bayan da Sin ta haramta haƙa a 2021, manyan kamfanonin sun kwashe na'urorinsu zuwa Amurka, musamman jihar Texas, da Kazakhstan da Rasha. A Afirka, wutar madatsun ruwa mai araha ta ja wasu zuwa Habasha.

Lissafin mai na'ura ɗaya

Ga misali da na'urar Antminer S19 Pro, wadda ta fito a 2020. Tana gwada lambobi tiriliyan 110 a kowace daƙiƙa, tana kuma jan wuta wat 3,250, wato yunit 78 a rana idan ba a kashe ta ba.

A 2025 jimillar ƙarfin masu haƙar Bitcoin a duniya ta kai matakin da wannan na'ura ba ta wuce kashi ɗaya cikin kusan miliyan tara ba.

Idan mai ita ya tsaya shi kaɗai, a matsakaicin lissafi sai ya jira sama da shekara 170 kafin ya dace da shafi ɗaya. Shi ya sa tun daga 2010 masu haƙa ke haɗa ƙarfi a gungu-gungu, su raba abin da aka samu gwargwadon gudummawar kowa.

Tun da Bitcoin 450 ake samarwa a rana, kason wannan na'ura bai wuce na dala biyar ba, ko da farashin Bitcoin ɗaya ya kai dala 100,000, matakin da ya fara kaiwa a watan Disamban 2024.

A Nijeriya, hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin A zuwa naira 225 a watan Afrilun 2024, kafin daga baya a ɗan rage. Ko da a kan naira 200 aka lissafa, kuɗin wutar na'urar ya kai naira 15,600 a rana, alhali dala biyar a canjin 2025 kimanin naira 7,500 ce.

Ba a kuma sa kuɗin sayen na'urar ba, da na sanyaya ta a lokacin zafi, da ƙurar hunturu da ke toshe fankokinta, da ƙararta mai hana maƙwabta barci. Wanda zai dogara da janareta kuwa, asararsa ta fi haka.

Sababbin na'urori sun fi tsimin wuta, amma sun fi tsada, kuma su ma cikin 'yan shekaru ake barinsu a baya. Faɗuwar farashi ma na iya karya manya: Bitcoin ya faɗo daga kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021 zuwa ƙasa da 17,000 bayan shekara ɗaya, kuma a Disamban 2022 kamfanin Core Scientific na Amurka ya nemi kariyar kotu saboda bashi.

Sauran kuɗaɗen fa?

Ethereum ne ya daɗe yana riƙe da masu haƙa a gida, amma a watan Satumban 2022 ya daina amfani da haƙa kwata-kwata, abin da ya bar masu katunan hoto da dama ba aikin yi.

Har yanzu ana iya haƙar Monero da kwamfutar gida, sai dai abin da ake samu ɗan kaɗan ne.

Danna waya ba haƙa ba ce

A 2024 matasa da yawa a arewacin Nijeriya sun duƙufa kan manhajoji irin su Notcoin da Hamster Kombat a dandalin Telegram, suna kiran abin da suke yi haƙa.

A haƙiƙa wayar ba ta yin lissafin da ke kare wani kundi. Maki ne kamfani ke bayarwa domin tara jama'a, kuma shi ke yanke abin da makin zai zama. Lokacin da Hamster Kombat ya yi rabonsa a Satumban 2024, da dama sun koka cewa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma masu karɓar kuɗi da sunan bayar da hayar na'urori daga nesa. A Fabrairun 2025 wasu 'yan ƙasar Estoniya biyu da suka kafa HashFlare sun amsa laifin damfara ta sama da dala miliyan 500 a wata kotun Amurka, bayan ta bayyana cewa ba su da mafi yawan ƙarfin haƙar da suka sayar.

Doka da ra'ayin malamai

Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya kuma janye hanin a Disamban 2023.

Malamai sun saɓa kan hukuncinsa. Majalisar malaman Indunusiya ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi a 2021, yayin da majalisar shari'a ta hukumar hannun jarin Malesiya ta amince da cinikinsa a kasuwanni masu rajista a 2020.

Ga mai son koyon yadda tsarin ke aiki, ƙaramar na'ura na iya zama makaranta, muddin ya ɗauki abin da zai kashe a matsayin kuɗin karatu. Amma ga mai neman riba, abin da zai fara dubawa shi ne nawa yake sayen yunit ɗin wuta, kuma awa nawa yake samunta a rana.