Daga "Sha Ka Fashe" Zuwa Allurar Rama

A ƙasarmu ƙiba ba ta zama abin gudu ba sai kwanan nan. In aka ce mace "ta yi kyau", sau da yawa ana nufin ta murje ta ciko. In kuwa aka ce "ta rame", tambayar da ke biye ita ce: ciwo ne ko mijin ne? A arewacin jiharmu ta Tawa, wajen Cintabaraden, Larabawan Azawak sun daɗe suna ɗura wa ƴan mata nono da hatsi tun suna ƙanana don su cika kafin aure. Wata mai bincike, Rebecca Popenoe, ta yi littafi sukutum a kan haka a 2004. Da ƙwayoyin Bature suka cika kasuwa, sai suka karɓi aikin fura. Masu tallan magani a tire suka shiga sayar da dexamethasone da cyproheptadine, irin waɗanda ake kira "sha ka fashe". Na farkon maganin kumburi ne da asma. In mai lafiya ya dinga sha, fuska da ciki ke tara ruwa da kitse, sukari da jini su hau.

Yau iska ta juya. A TikTok da WhatsApp ana nuna mana hoton "da" da na "yanzu", ana tallan allurar rage ƙiba, kuma kalmar da ke bakin kowa ita ce "feftid". Ni da nake karatun harshe, kalmar ce ta fara kama ni, don ana furta ta kamar sunan magani guda. Alhali feftid sunan dangi ne: gajeriyar sarƙa ce ta ƙananan tubalan da ke gina furotin. Insulin da masu ciwon sukari ke yi wa kansu, shi ma feftid ne.

Ga asalin labarin. A shekarun 1980 masana suka gano wani sinadari da hanji ke saki bayan an ci abinci, GLP-1, mai sa jiki ya fitar da insulin, ya kuma sa mutum ya ji ya ƙoshi. Matsalarsa, cikin mintoci kaɗan yake lalacewa a jini. A 1992 likita John Eng a Amurka ya bayyana makamancinsa mai daɗewa, da ya samo a dafin wani ƙadangaren hamada. Daga nan aka yi maganin sukari exenatide a 2005. Semaglutide ya biyo baya: Ozempic a 2017 don ciwon sukari, Wegovy a 2021 don ƙiba.

Shin yana aiki? E, yana yi. A gwajin da aka buga a 2021, an bi mutum 1,961 masu nauyin da ya wuce kima har mako 68. Waɗanda suka samu allurar sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kuwa wajen kashi 2. Amma duba abin da bidiyo ba ya faɗa. Dukansu suna hannun likitoci, ana ba su shawara kan abinci da motsa jiki. Da yawa sun sha tashin zuciya, amai da zawo. Kuma waɗanda aka bi bayan sun daina, cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo.

Wanga sakamako na semaglutide ne, ba na duk abin da aka liƙa wa suna feftid ba. AOD-9604, alal misali, har yanzu ana tallansa a intanet, alhali kamfanin Ostareliya da ya ƙirƙire shi ya bar gwada shi don ƙiba tun 2007, saboda bai rage nauyin a zo a gani ba. Mai talla sunan dangi yake ara, ya lulluɓe ɗan da bai ci jarabawa ba.

Sai batun jabu. A watan Yuni 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic na jabu da aka kama a Birazil, Ingila da Amurka. A Ostiriya, a 2023, an kwantar da mutane asibiti bayan allurar da ake zaton insulin aka zuba a ciki. In haka ta faru can, ina ga kayan da ke ƙetaro iyakar Ƙonni a bayan babur? Ko na gaske ne, kafin a buɗe shi firji yake so, tsakanin digiri 2 da 8. Ku tuna zafin Afrilu a Malbaza, ku tuna yadda kuran ke ɗaukewa.

Mu ƴan Nijar mun san kuɗin allurar jabu. A annobar sanƙarau ta 1995, dubban mutane aka yi wa rigakafin da daga baya aka gano ba magani a cikinsa. Wancan ma ta hanyar hukuma ya shigo, balle na hannun wanda lambar waya kawai muka sani.

Don haka, ƴan uwa, in ƙawa ko ƙanwa ta turo muku bidiyon, ku tambaye ta abu uku: mi ne ainihin sunan maganin, a kan su wa aka gwada shi, kuma a ina ya kwana kafin ya iso Illela? Wanda nauyi ya dama da gaske, ya fara da awon sukari da na jini a asibitin Ƙonni ko na Galmi. Tiren da ya sayar wa yayyenmu ƙiba jiya, shi ne ya koma cikin waya yana sayar mana da rama.