Sunan Fletcher a Ingila: asalinsa da iyakar shaidarsa

A wannan taƙaitaccen nazari za mu bi diddigin sunan zuri'a guda, wato Fletcher, domin mu auna wata tambaya: shin sunan gida ya isa shaida a kan asalin masu shi?

Kalmar ta fito daga tsohon Faransanci, *flechier*, mai ƙera kibau. Tushenta ɗaya da *flèche*, kibiya. Ta shiga Ingila bayan 1066, lokacin da Wiliyam na Normandi ya ci ƙasar da yaƙi, Faransanci kuma ya zama harshen fada da shari'a. Da farko laƙabin sana'a ne kawai, kamar yadda mukan ce wane maƙeri ko wane majemi, ɗa ba ya gadonsa in ya canza aiki. Manyan masu ƙasa ne suka fara gadar suna, talakawa suka biyo baya a hankali, har wajen 1400 akasarin gidajen Ingila suna da sunan da ake gada. Takardun harajin kai na 1377, 1379 da 1381 suna cikin muhimman shaidun wannan sauyi.

Yaɗuwar sunan tana da nasaba da yaƙi. Da dogon baka Ingilawa suka rinjayi Faransawa a Crécy a 1346, da Azincourt a 1415. An rarraba aikin: Bowyer na sassaƙa baka, Stringer na murɗa tsirkiya, Arrowsmith na ƙera ƙarfen kibiya, shi kuwa Fletcher na gyara sandar ya liƙa mata gashin tsuntsu. A 1371 masu kibau na Landan suka rabu da masu baka, suka kafa ƙungiyarsu. Da bindiga ta ture baka a ƙarshen ƙarni na 16, sana'ar ta ja baya, sunan ya wanzu. John Fletcher, marubucin wasan kwaikwayo da ya rasu a 1625, ɗan babban limamin coci ne.

A nan ne ya kamata mu yi hattara. Na farko, kalmar Faransanci ba ta nuna jinin Normandi: Baturen Ingila da ya koyi sana'ar ya sami laƙabin, don haka gidaje da yawa marasa dangantaka suka tarayya a suna ɗaya. Na biyu, a arewacin Ingila da Sikotilan an gauraya sunan da Flesher, wato mahauci, saboda kusancin furuci. Na uku, a Jamaika da Amurka bayi da yawa sun ɗauki sunayen iyayengijinsu.

Saboda haka muna ganin suna yana ba da tarihin harshe da na sana'a, amma ba ya tabbatar da nasaba. Mai neman salsalar wani gida dole ya koma ga takardu, musamman rajistar baftisma, aure da jana'iza da aka wajabta wa coci-coci tun 1538, ya bi su kaka da kaka.