Ciwon Sugan Talaka a Tarihin Binciken Likitoci

A Kanya Babba da sauran garuruwan ƙasar Ɓaɓura, na taso ina jin ana kiran ciwon suga cutar masu hannu da shuni, masu teɓa da shan shayi mai kauri. Amma akan ga saurayi manomi, ramamme kamar sillen kara, yana fama da ƙishirwa da yawan fitsari, har kiyashi na taruwa inda ya tsuguna. Wannan saɓanin ne ya sa na bi sawun binciken cutar.

A 1869, wani ɗalibin likitanci a Balin, Paul Langerhans, ya hango wasu curarrun ƙwayoyin halitta cikin fankiriyas, tsokar nan da ke kwance bayan tumbi, bai kuwa san aikinsu ba. A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare wannan tsoka, sai ga shi da ciwon suga. A 1921 Banting da Best suka tatso insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa a Janairun 1922. Daga bisani littattafai suka kasa cutar gida biyu: wadda garkuwar jiki ke kashe ƙwayoyin insulin, da wadda ƙiba ke sa jiki ya daina jin insulin ɗin.

To, ina ramammen manomi zai shiga? A 1955 likita Hugh-Jones ya bayyana irinsa a Jamaika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 1985 cewa akwai ciwon suga mai alaƙa da tamowa, sannan ta soke shi daga jeri a 1999, wai hujja ba ta isa ba. A ganina, masu cutar ne ba su da gatan da za a kashe kuɗi a bincike su, domin hujja ba ta faɗowa daga sama.

Likitocinmu dai ba su naɗe hannu ba. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Bakari da Onyemelukwe sun auna jinin majinyata a farkon shekarun 2000, suka tarar insulin ɗin da jikinsu ke fitarwa ya gaza na masu lafiya. Wato a nan gida ma, gajiyar ƙwayoyin kansu babban ɓangare ne na matsalar.

Sai a Afrilun 2025, a birnin Bankok, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta karɓi mai alaƙa da tamowa da sunan nau'i na 5. Bayanin masana shi ne yunwar da aka sha tun a ciki ko a yarinta kan tauye girman fankiriyas. Suna gargaɗin cewa idan aka ɗirka wa irin wannan majinyaci insulin da yawa, ga shi ba ya samun ci uku a rana, sugansa na iya faɗuwa har ya suma.