Daga Kantoma Zuwa Riƙon Ƙwarya: Kalmomin Wucin Gadi a Ƙasar Karaye

Kalmar kantoma ta shigo Hausa daga Ingilishi. Asalinta cantonment, wato sansanin da soja ke yada zango na ɗan lokaci. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jami'in da ke hukunci a unguwannin bariki da Sabon Gari shi aka riƙa kira kantoma. Daga baya, musamman a zamanin mulkin soja, sunan ya koma kan wanda gwamna ya naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba.

Sauran kalmomin wannan rukuni ba a are su ba. Abin da takardun gwamnati ke kira caretaker ko interim, Bahaushe ya ce riƙon ƙwarya. Wanda aka ba ƙwarya ya riƙe, ya san akwai mai ita, kuma zai dawo. Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi zaɓaɓɓun shugabanni a ƙananan hukumomi, amma gwamnoni sun yi ta tsawaita riƙon, har Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa kada a saki kuɗin tarayya ga majalisun da ba zaɓaɓɓu ba.

A Karaye da Rogo, abin da aka kafa da sunan dindindin ne ya zama na wucin gadi. A Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje ya ƙirƙiri masarautun Bichi, Gaya, Karaye da Rano, Alhaji Ibrahim Abubakar II ya zama sarkin yanka a Karaye. Kotu ta soke dokar a Nuwamba, majalisa ta sake yin wata a Disamba. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe masarautun, a Yuli kuma aka maido da Karaye da daraja ta biyu, ƙasarta ta taƙaita ga Karaye da Rogo.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da ta kira masarautar ta riƙo, alhali sarautar Karaye ta girmi zuwan Turawa. Kalmar da ke kan takarda ba ta yanke wa'adi. Majalisar da ta yi doka tana iya warware ta. Hakimai da dagatai, da manoman da ke kai musu ƙarar iyakar gona, su suka ga matsayin masarautarsu ya sauya sau da dama cikin shekara biyar.