Abubuwan da ke hana girka Windows 11 a manyan kwamfutocin aiki da yadda ake magance su

Tun bayan da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ma'aikatu da kamfanoni suka duƙufa wajen komawa Windows 11, wadda ta fito a ranar 5 ga Oktoban 2021. Sai dai aikin kan cije a manyan kwamfutocin aiki irin su Dell Precision, HP Z da Lenovo ThinkStation, waɗanda injiniyoyi, masu zanen gine-gine da masu tace fina-finai suka dogara da su. Matakin da aikin ya tsaya shi ke nuna inda matsalar take. Kafin a fara kowane gyara, wajibi ne a kwafe muhimman bayanai zuwa wata ma'adana dabam, domin wasu hanyoyin gyaran kan share komai.

Idan aikin ya ƙi farawa

Wani lokaci manhajar kan sanar tun da farko cewa kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba. Windows 11 na buƙatar furosesa mai bit 64, RAM aƙalla gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, tsarin tashi na UEFI mai iya Secure Boot, da kuma na'urar tsaro ta TPM 2.0. Sau da yawa TPM ɗin na nan, amma a kashe yake, sai an shiga BIOS an kunna shi. A injinan Intel ana iya samun sa da sunan PTT, a na AMD kuma fTPM. Haka nan Microsoft na da jerin furosesoshin da ya amince da su, wanda a ɓangaren Intel Core galibi ya fara daga zubi na 8. Wannan ne ke kayar da tsofaffin kwamfutoci na hannu da ake shigowa da su daga ƙetare. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan, amma kamfanin bai ba da tabbacin ci gaba da sabunta irin waɗannan kwamfutoci ba.

Idan ba a ga faifan ajiya ba

Manyan kwamfutocin aiki kan zo a saitin RAID, wanda ke buƙatar direban Intel RST ko VMD. Idan babu direban, wurin zaɓar faifai kan fito fayau. Maganin shi ne a sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a sa shi a filas, a loda shi ta maɓallin "Load driver". Ana kuma iya mayar da saitin zuwa AHCI, amma hakan na iya hana tsohuwar manhajar tashi, ya kuma toshe bayanan da ke kan faifan da aka haɗa. Idan kuwa saƙon ya ce faifan na tsarin MBR ne, UEFI na buƙatar GPT. Manhajar mbr2gpt da ke cikin Windows na sauya faifan ba tare da gogewa ba, yayin da umarnin clean na diskpart ke kawar da duk ɓangarorin faifan.

Idan aikin ya tsaya a tsakiya

Tsayawa lokacin kwafar fayiloli, musamman da lambar kuskure 0x8007025D, kan nuna lalacewar filas, fayil ɗin ISO ko RAM. Ana sake sauke fayil ɗin daga shafin Microsoft, a gwada lambarsa ta SHA-256 da wadda kamfanin ya wallafa, sannan a sake haɗa filas mai aƙalla gigabait 8 ta hanyar Media Creation Tool ko Rufus. Kwafar fayilolin da hannu kan gaza, domin tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya haura gigabait 4. Idan matsalar ta ci gaba, sai a gwada RAM da manhajar MemTest86. Ɗaukewar wuta ma kan katse aikin, don haka ya dace a jona kwamfutar da UPS.

Idan ta koma tsohuwar manhaja

Kwamfutar da ta sake tashi sannan ta koma Windows 10 da lambar 0xC1900101 galibi tana fama ne da direban da bai dace ba. Ana cire firinta da sauran na'urorin da ba dole ba, a sabunta BIOS da direban katin hoto, sannan a sake gwadawa. Windows na rubuta abin da ya faru a fayilolin setupact.log da setuperr.log da ke cikin jakar Panther, kuma manhajar SetupDiag ta Microsoft na karanta su ta fitar da musabbabin gazawar. Wannan rahoto shi ya kamata a miƙa wa mai gyara ko kamfanin da ya sayar da kwamfutar, kafin a yanke shawarar goge faifai ko sayen sabon kaya.