Yadda Sinanci, Japananci Da Harshen Koriya Suka Shiga Jami'o'in Turawa

Da yawa daga cikinmu muna da ƙanne ko 'ya'ya masu neman gurbin karatu a jami'a, kuma a cikin darussan da ake gani yanzu har da harshen Sin, musamman tun da aka buɗe cibiyoyin Confucius a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Legas. Wasu na ɗauka wannan karatu sabon abu ne da ya biyo babura da wayoyin hannu. To, a jami'o'in Turai ya haura shekara ɗari biyu. Ni dai ba Sinanci na karanta ba, ma'aikacin gwamnati ne mai sha'awar tarihi, kuma abin da ya ja hankalina shi ne ba son adabi ne ya buɗe wa harsunan nan ƙofa ba. Mishan ne, da ciniki, da yaƙi. Adabin daga baya ya bi sawu, ya shiga ta ƙofar da aka buɗe don wata buƙata dabam.

Faransa ce ta fara. A ƙarshen 1814 aka kafa kujerar farfesan Sinanci da harshen Manchu a Collège de France da ke birnin Paris, aka ba wani saurayi ɗan shekara 26 mai suna Abel-Rémusat. Likitanci ya karanta. Wani littafin Sinawa ne na itatuwan magani ya gani, ya ƙudurta sai ya iya karanta shi, ya zauna ya koya wa kansa ba malami. A 1822 ya buga littafin nahawun Sinanci, a 1826 ya fassara wani ƙagaggen labari na Sinawa zuwa Faransanci. Annobar kwalara ta ɗauke shi a 1832 bai taɓa taka ƙasar Sin ba. Ɗalibinsa da ya gaje shi, Stanislas Julien, shi ma har ya mutu bai je ba. Wato Sinancinsu na takarda ne, irin na mutumin da ya ƙware a nahawun harshe amma bai taɓa yin cinikin tumatir da shi ba.

Ingilishi kuwa ta wata hanya suka biyo. Robert Morrison, ɗan mishan, ya sauka Canton a 1807, lokacin da hukumar Sin ta haramta wa talakawanta koya wa baƙo harshensu. A ɓoye ya koya, ya kama aikin tafinta a kamfanin East India don ya sami damar zama a ƙasar. Tsakanin 1815 da 1823 aka buga ƙamusunsa na Sinanci da Ingilishi a Macau, mujalladi shida. Ya kwaso littattafan Sinanci wajen dubu goma ya kai Landan, kuma albarkacin waɗannan littattafai ne University College ta naɗa Samuel Kidd farfesan Sinanci a 1837. Kwantiragin shekara biyar aka ba shi, da ya ƙare ba a sabunta ba. Oxford ba ta motsa ba sai 1876, da ta naɗa James Legge, wani ɗan mishan da ya daɗe a Hong Kong yana fassara tsofaffin littattafan Confucius tare da taimakon wani malami Basine mai suna Wang Tao. Fatake masu ciniki da Sin suna cikin waɗanda suka tara kuɗin kujerar.

Na Cambridge ne suka fi burge ni, don abokan sana'ata ne, ma'aikatan gwamnati. Thomas Wade soja ne da ya koma aikin jakadanci har ya zama jakadan Ingila a Beijing. Bayan ya yi ritaya ya ba jami'ar littattafansa, ita kuma ta naɗa shi farfesa a 1888. Herbert Giles, wanda ya hau kujerar a 1897 ya zauna har 1932, tsohon ƙaramin jakada ne, ya buga babban ƙamus a 1892 da tarihin adabin Sin a 1901. Sunayensu biyu aka haɗa aka raɗa wa tsarin rubuta Sinanci da boko wanda Turawa suka daɗe suna bi, kafin tsarin Pinyin da gwamnatin Sin ta amince da shi a 1958 ya ture shi. Shi ya sa mai karatu zai ga Mao Tse-tung a tsohon littafi, ya ga Mao Zedong a sabo, alhali mutum ɗaya ne. Sai dai duk da girman waɗannan malamai, ɗalibansu ƙalilan ne. Saurayin da ke son aiki a Sin ba jami'a yake zuwa ba, ma'aikatar harkokin waje ce ke tura shi can ya koya a bakin aiki.

Wannan labari bai kamata ya zame mana baƙo ba, domin haka aka yi da Hausa. A Cambridge ɗin nan aka naɗa Charles Robinson malamin Hausa a 1896, kafin Lugga ya ci ƙasarmu da yaƙi, kuma daga baya sai da jami'an mulkin mallaka suka riƙa zana jarrabawar Hausa. Makarantar nazarin harsunan Gabas ta Landan, wadda aka kafa a 1916 aka ƙara mata sunan Afirka a 1938 ta zama SOAS, an gina ta ne don horar da masu mulki da sojoji da fatake. A nan aka koyar da Hausa, a nan kuma wani saurayi daga Beijing, Lao She, ya koyar da Sinanci daga 1924 zuwa 1929. A wannan zama na Landan ya rubuta littattafansa na farko, ya koma gida ya zama ɗaya daga manyan marubutan Sin na ƙarni na 20.

Japananci ya sami kujera a Leiden ta ƙasar Holan a 1855, don 'yan Holan ne kaɗai Turawan da Japan ta yarda su yi ciniki da ita a shekaru fiye da ɗari biyu da ta rufe ƙofarta. A Ingila kuwa, mutumin da ya fi kowa sanar da jama'a adabin Japan bai riƙe kujerar farfesa ba. Arthur Waley ma'aikacin gidan tarihi na British Museum ne, aka sa shi tsara zane-zanen Sin da Japan, sai ya koya wa kansa harsunan biyu don ya karanta abin da ke rubuce a jikinsu. Daga 1925 zuwa 1933 ya fassara Labarin Genji, wanda wata mace 'yar fada, Murasaki Shikibu, ta rubuta wajen shekara dubu da suka wuce. Shi ma bai taɓa zuwa Asiya ba.

Sai yaƙi ya zo. A Disamban 1941 Japan ta kai hari Pearl Harbor, a Fabrairun 1942 ta ƙwace Singapore, daga nan ta mamaye Bama, inda kakanninmu da yawa suka je suka gwabza. Ingila da Amurka suka waiwaya suka ga masu jin Japananci a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Wa zai karanta takardun da aka kama? Wa zai yi wa fursuna tambayoyi? Nan take aka ɗebo samari masu kaifin ƙwaƙwalwa daga makarantun sakandare aka kai su SOAS, aka ba su masauki a makarantar Dulwich, har sunan wurin ya bi su. Daga cikinsu aka sami Ronald Dore, wanda ya zama babban masani kan al'ummar Japan.

A Amurka rundunar sojan ruwa ce ta buɗe makaranta a Berkeley. Yawancin malaman Amurkawa ne 'yan asalin Japan, kuma a daidai lokacin gwamnati na kwashe irinsu daga gabar yamma tana tsarewa a sansanoni. Dole a 1942 aka mayar da makarantar Boulder ta jihar Colorado. Ku duba wannan al'amari: malami na koya wa soja harshen iyayensa, danginsa kuwa suna tsare a bayan waya.

Ɗaya daga ɗaliban shi ne Donald Keene. A 1940 ya sayi fassarar Waley ta Genji a wani shagon littattafai a New York don ya same ta da araha, ba don ya san abin da ke ciki ba. A lokacin yaƙi aikinsa har da karanta littattafan da sojojin Japan ke rubuta abubuwan da suka same su kullum, waɗanda ake tsinta a fagen fama, galibi masu su sun riga sun mutu. An sa shi ya nemi sirrin soja, sai ya riƙa cin karo da yunwa da ciwo da kewar gida. Bayan yaƙi ya koyar a Jami'ar Columbia fiye da shekara 50, ya buga tarin zaɓaɓɓen adabin Japan a 1955, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Japan a 2012, ya rasu a Tokyo a 2019. Wani ɗan makarantar, Edward Seidensticker, shi ya fassara littattafan Kawabata Yasunari zuwa Ingilishi, kuma ta hanyar fassara ne alƙalan kyautar Nobel suka iya karanta Kawabata, suka ba shi a 1968, Bajapane na farko da ya ci ta a fannin adabi. A ganina da wuya sojan ruwan da suka biya kuɗin makarantar nan su ce abin da suka saya ke nan.

Harshen Koriya ne ya fi daɗewa a baya. Yana da baƙaƙensa na kansa, Hangul, da Sarki Sejong ya sa aka ƙirƙira a 1443 aka bayyana a 1446, haruffa 28, yanzu 24 ake amfani da su. Amma daga 1910 zuwa 1945 Koriya na hannun Japan, kuma a ƙarshen wannan mulki an kori harshen daga makarantun ƙasarsa. A 1942 aka kama malaman ƙungiyar harshen Koriya suna tsakiyar haɗa ƙamus, biyu suka mutu a kurkuku. Bayan faɗuwar Japan a 1945 aka tsinci takardun ƙamusun a wani sito na tashar jirgin ƙasa ta Seoul, aka ci gaba da aiki har ya kammala a 1957. Harshen da ake wa haka a gida, ina zai sami kujera a waje? Rasha ce ta riga, ta fara koyar da shi a St. Petersburg a 1897, don maƙwabciya ce. SOAS ba ta kama shi sosai ba sai a shekarun 1950, zamanin yaƙin Koriya, a hannun William Skillend, wanda shi ma a yaƙin duniya ya koyi Japananci. Daga baya Koriya ta Kudu ta yi arziki, ta kafa gidauniya a 1991 tana biyan kuɗin kujeru a jami'o'in ƙasashen waje. Wata Baturiya, Deborah Smith, ta fara koyon harshen bayan ta gama digirin farko, ta yi karatu mai zurfi a SOAS, ta fassara wani littafin Han Kang, suka raba kyautar Man Booker ta ƙasa da ƙasa a 2016. A 2024 Han Kang ta ci Nobel.

Su ma can ba su zauna haka nan ba. Gidan rediyon Beijing ya buɗe sashen Hausa a 1963, shekara takwas kafin Nijeriya da Sin su ƙulla hulɗar jakadanci a Fabrairun 1971, kuma tsofaffin masu sauraro za su tuna da Sinawa masu karanta labarai da sunayen Hausawa. An koyar da Hausa a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijing, haka ma a Jami'ar Hankuk ta Koriya ta Kudu, inda ta zauna sashe ɗaya da Suwahili da Zulu.