Tarihin huji: daga kashin doki zuwa rima

1/
Jama'a ku matso, yau tarihin HUJI za mu yi. Eh, huji dai, wanda ake yi a jikin ƙarfe. Kar ku yi dariya. Sai da Turawa suka shafe shekara kusan 150 suna fama kafin su iya huda ƙarfe daidai yadda suke so, kuma wannan faman ne ya haifi motar da kake hawa. Zare ne mai tsawo, a gyara zama.

2/
Mu fara da abin da da yawa ba su sani ba: diril ba ya yin huji mai kyau. Baki biyu gare shi, yana lilo, yana cin fiye da girmansa, ya bar bangon hujin da kaushi. Ka sa diril mai milimita 10, ka auna, sai ka ga hujin ya zarce, wani lokacin ma bai zagaye sosai ba. In ƙusa za ka sa, ba damuwa. In fin ɗin da zai riƙe inji ne, ka shiga uku.

3/
Shi ya sa ake da rima. Sandar ƙarfe ce mai haƙora da yawa a jikinta, shida ko takwas ko fiye. Ba ta huda sabon huji. Ana bin hujin diril da ita ta kankare ɗan abin da ya rage, ta fito da shi sumul, daidai awo. To daga ina aka taso har aka zo nan?

4/
A 1769 James Watt ya yi rajistar injinsa na tururi a Birtaniya. A takarda komai ya yi kyau. A aikace tururin zurarewa yake, saboda ba a samu maƙerin da zai yi masa silinda mai zagayayyen ciki ba. Fistan ya matse a nan, ya yi sako-sako a can. Bawan Allah har takarda da fata da kashin doki ya riƙa cusawa don toshe kafar. Wallahi kashin doki.

5/
Wanda ya fitar da shi kunya shi ne John Wilkinson, mai ƙera igwa. A 1774 ya yi rajistar hanyar huda bakin igwa daga dunƙulallen ƙarfe. A 1775 ya fito da injin kankare cikin silinda: doguwar sanda mai kauri da ke ratsa silindar, an tallafe ta ta kai biyu, don haka ba ta lanƙwasa.

6/
A 1776 Matthew Boulton, abokin kasuwancin Watt, ya rubuta cewa silinda mai faɗin inci 50 da Wilkinson ya yi musu, kuskurenta bai kai kaurin tsohon sule ba. A lokacin abin a yi shewa ne. Ku riƙe wannan sulen, za mu dawo kansa.

7/
Matsala ta gaba daga sojoji ta zo. A da kowace bindiga maƙeri ɗaya ke zama ya goge sassanta da magagari har su shiga juna. In kunamar ta karye a fagen daga, ba za ka ciro ta wata bindigar ka sa ba. A 1785 wani Bafaranshe, Honoré Blanc, ya nuna wa Thomas Jefferson sassan kunamar bindigogi 50 a cakuɗe. Jefferson ya riƙa ɗauka kai tsaye yana haɗawa, suna shiga.

8/
Littattafai da yawa Eli Whitney suke ba wannan lambar yabo. A 1798 ya karɓi kwangilar bindiga 10,000 daga gwamnatin Amurka, a 1801 ya yi wa manya nuni. Daga baya masana suka kwance bindigoginsa suka tarar da hannu aka daidaita sassan. Kwangilar ma sai 1809 ya gama ta. Cika baki ba yau aka fara ba. John Hall ne ya yi aikin na gaske a Harpers Ferry, cikin shekarun 1820.

9/
A 1863 Stephen Morse ya yi rajistar murɗaɗɗen diril, irin wanda kuke gani yau, mai kwarin da ke fitar da ɓurɓushin ƙarfe sama. Shi ne kuma ya fito da gindin nan mai tsukewa da ke shiga bakin inji ya kama kansa. Har gobe in ka ɗauki babbar rimar inji ka ga MT2 ko MT3 a jiki, M ɗin nan sunansa ne.

10/
Sai dai duk kayan yankan wancan zamani da ƙarfe mai gawayi kawai ake yin su. Da ya ɗau zafi ya wuce digiri 200 sai ya fara laushi, kaifin ya mutu. Rimar da kaifinta ya mutu ba ta yanka, murza take, hujin ya fito ƙarami ko ya yage. Dole a riƙa aiki a hankali kamar ana tsoron tashin jariri.

11/
A 1868 Robert Mushet a Ingila ya zuba tangistin a ƙarfe, ya samu wanda ke taurara a iska ba sai an tsoma shi a ruwa ba. Daga nan Frederick Taylor da Maunsel White a kamfanin Bethlehem Steel na Amurka suka gano cewa in aka gasa irin wannan ƙarfen har dab da narkewa, wanda kowa ke cewa lalata shi ne, sai ya riƙe taurinsa ko da ya yi zafi.

12/
A baje kolin Paris na 1900 suka kafa inji yana yankan ƙarfe, bakin kayan yankan ya yi ja don zafi, bai daina ci ba. Injiniyoyi suka koma gida suka gane cewa injinansu ba za su iya ɗaukar wannan gudun ba, sai an sake su. Wannan shi ne HSS da kuke gani a rubuce jikin diril da rima.

13/
To ka yi huji. Wa zai shaida daidai ne? Carl Edvard Johansson, mai duba aiki a masana'antar bindiga ta Eskilstuna a Suwidin, a 1896 ya fito da ƙananan tubalan ƙarfe da aka goge su sumul har suna mannewa da juna, ana jera su a samu kowane awo. Keken ɗinkin matarsa ya juya ya zama injin guga. A 1923 Henry Ford ya sayi reshen kamfaninsa na Amurka, shi ma ya ɗauke shi aiki.

14/
A 1908 aka kai motocin Cadillac uku filin Brooklands a Ingila, aka kwance su gaba ɗaya, aka cakuɗa sassan, aka cire wasu aka sa sababbi daga sito, aka sake haɗawa ba tare da an goge komai ba. Suka tashi suka yi tafiyar mil 500. Duk hujin da ke jikin motocin nan sai ya yi daidai da fin ɗin da aka yi a wani benci daban.

15/
Mataki na ƙarshe daga ƙwan lantarki ya fito. A 1923 Karl Schröter na kamfanin Osram a Jamus, yana neman abin da zai maye gurbin lu'ulu'u wajen jan siririyar wayar ƙwai, ya haɗa garin kabaid na tangistin da kobalt ya gasa. Krupp ya kai shi kasuwa a 1926 da sunan Widia, wato "kamar lu'ulu'u" da Jamusanci.

16/
Mu koma kan sulen Boulton. Yau in ka ga an rubuta 10 H7 a zanen aiki, ana nufin hujin ya tsaya tsakanin milimita 10.000 da 10.015. Kaurin gashin mutum wajen 0.07 ne. Wato kuskuren da aka yafe maka kusan kashi ɗaya cikin biyar na silin gashi ne. Kuma wannan aikin yau da kullum ne na rima.

17/
Inda abin ke yin zafi shi ne ƙarfen ƙera kayan aiki, wanda ake yin mazubi da abin datse faranti da shi. Ɗauki D2: gawayi wajen kashi 1.5 cikin ɗari, kuromiyam wajen 12. Cike yake da ƙwayoyi masu tauri da ke cin kaifi kamar yashi. Hujin fin biyu a irin wannan ƙarfen in ya kauce, sama da ƙasan mazubin ba za su haɗu ba, aikin makonni ya tafi.

18/
Zaɓin rima a nan tarihin da muka bi ne ake maimaitawa. Ƙarfen yana da taushi, ba a gasa shi ba, hujin kaɗan ne? HSS ta Taylor ta isa, mai kobalt ta fi jurewa. Hujin da yawa ne, injin kuma tsayayye ba ya rawa? Kabaid ta Schröter. Amma kabaid gautsi gare ta. Sa ta a tsohon injin da ke karkarwa, haƙoran su ɓantare, kuɗinka ya bi ruwa.

19/
In an riga an gasa ƙarfen ya kai tauri 60 a ma'aunin Rockwell, ka manta da HSS, taurinsu ya kusa zuwa ɗaya. Ga shi kuma gashi na sa ƙarfe ya ɗan motsa, hujin da ka yi daidai ya sauya. Shi ya sa a 1940 Richard Moore a Amurka ya fito da injin wasa cikin huji bayan gashi. Yau wasu da wayar lantarki suke yanka shi.

20/
Sai siffar haƙora. Miƙaƙƙu su ne na gama-gari. Hujin da ya ɓulle, a sa mai murɗin hagu, tana tura ɓurɓushi gaba ya faɗi ta ƙasa. Hujin da bai ɓulle ba, mai murɗin dama, tana jawo shi waje. In akwai tsaga a cikin hujin, murɗaɗɗiya ce ke ƙetarewa, miƙaƙƙiya sai ta maƙale. Ku lura kuma tazarar haƙoran ba ɗaya ba ce, da gangan aka yi don hana karkarwa.

21/
Dokokin da ake maimaita mana a wokshof: a bar wa rima abin ci. Huji mai 10, a huda 9.8. In ya yi kaɗan murzawa za ta yi, in ya yi yawa ta sha wuya. Gudu wajen rabin na diril, turawa ninki biyu ko fiye, mai isasshe. Kada a juya ta baya, ko wajen cirewa ne. Kuma rima bin huji take, in diril ya karkace ita ma haka za ta bi.

22/
Mu fa? A 1980 aka kafa kamfanin ƙera injina a Osogbo tare da HMT na Indiya. Shekara arba'in da ɗoriya bayan nan, je ka kasuwa ka duba rima da diril, ka karanta inda aka yi su. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano akwai masu hannu da basira, suna gyara bush da rimar hannu kullum. Abin da ke da wuyar samu shi ne ƙarfe mai inganci da abin awon da kowa ya yarda da shi.

23/
Kullum muna jin "motar da aka ƙera a gida". Tambayar da za ku riƙa yi ita ce: wa ya yi mazubin, da wane ƙarfe, da me aka auna hujin? In an samu amsar waɗannan, jikin mota abu ne mai sauƙi.

24/
 Makanikai da masu tona ƙarfe da ke nan, ku faɗa mana a ƙasa: wace rima kuka fi amfani da ita, kuma me kuke kiranta a garejinku? A tura wa 'yan injiniyanci, jarabawa na tafe.